Wuyan Rigar Sayo

OMASA: Alo? Shagon awara ne. Wa ke magana?

TATSU: Omasa, ni ce.

OMASA: Wa? Ɗaga murya, injin markaɗe na ta ruri a kaina. Maigida, kashe abin nan mana! Alo?

TATSU: Tatsu ce. Uwar Genzo mai sassaƙa allon hoto, ta bayan shagonku.

OMASA: Af! Kakar Sayo! Ina wuni?

TATSU: Lafiya lau. Ina gajiya?

OMASA: Ba gajiya. Yaya sanyin nan? Bana da wuri ya sauko.

TATSU: Lokacinsa ne. Yaya ciniki?

OMASA: Da godiya. Yaya gwiwar? Kin shafa man da na ba ki?

TATSU: Wari gare shi, amma na shafa. Maigidan fa, tarin ya sake shi?

OMASA: Ina fa! Ga shi nan da taba a baki. Yaya jikin Sayo? Kullum tana ranmu. Ko jiya na ce da maigida, yarinyar da take zuwa da kwano da sassafe tana dariya, a ce wai ciwon huhu ya kwantar da ita...

TATSU: Daga wurinta nake, a asibiti. Ina Kiyose, bakin tasha, a wayar mai sayar da taba.

OMASA: Kiyose! Ke kaɗai, da wannan gwiwar? Ashe shi ya sa! Ɗanki tun safe yake zagaye unguwa kamar wanda aka ɗauke wa takalmi a gidan wanka. Ya je haikali, ya je kasuwa, ya shigo nan har ya leƙa bayan buhunan wake, wai ko kin bar wani ƙunshi a wurinmu. Wane irin ƙunshi ne?

TATSU: Kira mini shi.

OMASA: Ni dai ba mai shiga abin da ba ruwana ba ce. Amma da gaske jibi za a yi mata aikin?

TATSU: Jibi ne. Omasa, wayar nan haɗiyar kuɗi take kamar kifin tafkin haikali. Kira shi.

OMASA: To, to. Ga shi ma ya ɓullo. Genzo! Genzo! Innarka ce! Yi hankali da bokitin!

GENZO: Alo! Inna! Ina kike?

TATSU: Haka ake gaida mutane yanzu?

GENZO: Ina wuni, Inna.

TATSU: Lafiya. Na bar maka shinkafa a tukunya. Ka ci?

GENZO: Ban ci ba. Inna, allon baƙi na hoton Sayo ba ya kan tebur. Allunan launi duk suna nan, shi kaɗai ne babu. Tsoho Ginji mai buga hoto ya zo da asuba zai ɗauka ya fara bugawa, tun jiya ya jiƙa takarda...

TATSU: Yana bayana.

GENZO: Yana ina? Layin na ƙara.

TATSU: A bayana! Na naɗe shi a ƙyalle na goya shi, yadda na goya ka, na goya 'yarka.

GENZO: Haba Inna! Aikin wata biyu kika saka a jirgin ƙasa, cikin turereniyar mutane? Idan aka buge shi a ƙofa fa? Gashin goshin nan ko farce ya taɓa shi karyewa zai yi!

TATSU: Shekara arba'in ina share ƙurar katako a ƙarƙashin ubanka. Ba kai za ka koya mini riƙe allo ba.

GENZO: To ki hau jirgin da ya fara tasowa, ki dawo da shi. Idan takardar Ginji ta sake kwana a jiƙe, fumfuna za ta yi.

TATSU: Ta yi. A yi rufin fitila da ita.

GENZO: Inna, me na yi miki?

TATSU: Jiya da yamma Ginji ya kawo bugun gwaji. Kuka shimfiɗa shi a tabarma, kuka yi tsit ku biyu kamar an aiko da labarin mutuwa. Na shigo da shayi, ka yi wuf ka rufe shi da jarida. Ka ɗauka ban gani ba?

GENZO: Launin bai bushe ba ne, shi ya sa...

TATSU: Rufe mini baki. Ban yi makaranta ba, amma na san sa riga. Mai rai, gefen hagu ake ɗora masa a kan na dama, yadda hannun dama zai shiga ƙirji. Wa ake ɗora wa dama a kan hagu?

GENZO: Inna, a shagon mutane nake.

TATSU: Na ce wa ake ɗora wa?

GENZO: Mamaci.

TATSU: Ban ji ba.

GENZO: Mamaci, Inna!

TATSU: Yauwa. To haka wuyan rigar 'yarka yake a hoton nan. Yarinyar da za a buɗe wa ƙirji jibi, ka sa mata suturar gawa, za ka buga ta ɗari biyu ka rarraba wa duniya.

GENZO: Kuskure ne. Ba da gangan ba ne.

TATSU: Na sani. Da gangan ne da ba waya zan bugo maka ba. Ubanka zanen yake kifawa a kan katako, fuska ƙasa, ya murza bayan takardar da ɗan yatsa har layin ya fito. Ko sau ɗaya bai taɓa juya wa mace riga ba.

GENZO: Ai irin na Baba cinye zanen yake yi, wuƙa ta yanka shi tare da katakon. Maigida Kuramochi, dillalin da ya ba da aikin, ya ce zanen Malam Hozumi ba zai lalace ba, shi ma sayar da shi zai yi. Sai aka kai wa masu hoto suka ɗauke shi da na'ura suka ɗora a kan katakon. Su ne ba su juya shi ba.

TATSU: Su masu hoto ne. Kai fa? Tun kana ɗan shekara goma ka san a katako komai a juye yake zama, takarda ce take mayar da shi daidai. Wata biyu hancinka yana kan allon nan. Idonka yana ina? Alo? Ko ta yanke?

GENZO: Ina nan.

TATSU: To yi magana.

GENZO: A kan katakon daidai take, Inna. Tawadar Allahn nan tana kumatunta na hagu, inda take. Yadda take karkata kai idan tana jin kunya, haka. Duk matan da na sassaƙa a rayuwata a juye nake ganinsu, ban san ko ɗaya ba. Wannan kuwa kullum na zauna sai in ga Sayo ce zaune a gabana, kamar ba ta tafi asibiti ba. Ban tsaya na tambayi kaina me ya sa take daidai ba.

TATSU: Hm.

GENZO: Shi ke nan abin da ya faru.

TATSU: Na ji. Wannan ban kama ka da shi ba. Ni ma ina wucewa da tsintsiya ina ganinta, raina yana daɗi. Abin da na kama ka da shi na jiya ne. Ka gani da idonka a takarda, ka ce wa Ginji ya je ya jiƙa takarda.

GENZO: Me kike so in yi? Mako mai zuwa za a buɗe baje kolin a babban kanti. Kuramochi ya ce yawancin masu saye baƙi ne, Amurkawa. Ba su san hagu ba, ba su san dama ba. Su dai su ga yarinya mai dogon wuya da tsefe a hannu, su rataya a ɗaki.

TATSU: Su ba su sani ba. Ni na sani.

GENZO: Inna, zamani ya wuce wannan. Ko 'yan matanmu yanzu rabinsu ba su iya ɗaura kimono, rigarmu ta gargajiya, da kansu ba.

TATSU: To rabin da suka iya fa? Makafi ne?

GENZO: Takarda ce fa da tawada! Hoto ba ya kashe mutum. Likita ne zai yi aiki, ba Ginji ba.

TATSU: Kada ka yi mini karatu. Da hannun nan na yi wa ubanka sutura. Da shi na yi wa matarka, uwar yarinyar nan, da ta tafi da wannan ciwon dai. Ka tuna wa ke tsaye a bakin ƙofa ranar?

GENZO: Inna, don girman...

TATSU: Sayo ce, tana 'yar shekara bakwai. Ta ce, Kaka, kin sa wa Mama riga a juye. Na ce mata haka ake yi wa masu tafiya. Tun daga ranar ko 'yar tsanarta ba ta yarda a ɗaura wa riga sai ta duba. Ita za ka ce wa takarda ce?

GENZO: Ba sai ta gani ba.

TATSU: Me ka ce? Wata mota ta wuce.

GENZO: Na ce ba sai ta ga hoton ba! In ce mata bai gamu ba tukuna.

TATSU: Ashe! Hoton da ya isa a rataya a ɗakin baƙo, amma bai isa a nuna wa mai fuskar ba. Ka ji kanka kuwa?

GENZO: Inna, Kuramochi shi kaɗai ya rage a garin nan da yake kawo aikin hannu. Sauran duk sun koma inji. Idan na saɓa masa wannan karon, wuƙaƙen Baba sai dai a rataye su a bango.

TATSU: A rataye su. Sun ci nasu katakon.

GENZO: Ke da kanki kike faɗar haka?

TATSU: Ni da kaina. Ka ɗauka son hotunan nan nake? Tun ina amarya nake kwana a ƙarƙashinsu. Mata a kan igiya, mata a kan tabarma, mata a cikin akwati inda ya kamata bargo ya zauna. Wannan ta fito wanka, waccan tana kallon madubi, wata ta ciji ƙyalle ba gaira ba dalili. Duk fuska ɗaya! Ido kamar ƙwayar kankana, baki kamar ba a cin abinci da shi, ƙeya a waje don tsofaffin banza su yi ta leƙe. Ba wadda take tari, ba wadda hannunta ya tsage da wanki, ba wadda take tsufa. Ni ina tsufa a gabansu, su suna nan da shekara goma sha bakwai.

GENZO: Su suka ciyar da mu, Inna.

TATSU: Shi ya sa ban ƙona ko ɗaya ba. Amma da Malam Hozumin nan ya zo bara da hularsa a hannu, wai yana son Sayo ta zauna masa, me na ce?

GENZO: Kin ce a'a.

TATSU: Na ce a'a. Kuka taru a kaina, kai da ita, tana kuka. Na ce to, da sharaɗi. Riga mai dogon hannu ta 'yan mata, wuya a rufe, ba a ja shi baya irin na matan gidan shayi masu nishaɗantar da maza. Ni na ɗaura mata da hannuna, na zauna a bayansa da saƙa har ya gama, yana ta gumi. Rigar da na ɗaura daidai, ba wanda zai juya mini ita. Ba Kuramochi ba, ba Amurka ba, ba kai ba.

GENZO: Omasa, don girmanki ki ɗan matsa. Magana ce ta gida.

OMASA: Ni wake nake aunawa! Kakar Sayo, gaskiyarki ce!

GENZO: Kin ji ko? Yanzu unguwa duk ta ji.

TATSU: Gara su ji a waya da su gani a tagar kanti. Tsaya in ƙara kuɗi, abin nan ya fara kuka. Yauwa. Kana ji?

GENZO: Ina ji. Yaya kika same ta?

TATSU: Sai yanzu ka tambaya.

GENZO: Inna.

TATSU: Ta rame. An yanke mata gashi, sun ce don aikin. Har nan, dab da kunne. Tana ta shafa ƙeya tana dariya, dariyar da ba ta kai ciki ba. Na kai mata dankali gasasshe, ta ci rabi don kunyata.

GENZO: An yanke gashin?

TATSU: Duka. Su takwas ne a ɗakin, gado kusa da gado. Ta gaya musu duka cewa ubanta yana sassaƙa hotonta, cewa a Tokyo ba mai yanka gashi a katako kamarsa. Suna tsokanarta, suna kiranta ta cikin hoto. Ta riƙe hannuna ta ce, Kaka, ki ce wa Baba ya kawo na farko kafin a shiga da ni. In manna a saman gado, in na farka in fara ganin gashina.

GENZO: Ta ce haka?

TATSU: Ƙarya nake yi? Matan ɗakin nan kuwa sun san ƙofar baya, sun san yadda ake ɗaura wa waɗanda ake fitarwa ta nan. Mai gadon kusa da taga, ta nan aka fitar da gawarta makon jiya. Wannan hoton za ka kai musu?

GENZO: Ta ga ƙunshin a bayanki?

TATSU: Ta tambaya. Na ce katakon yanka kifi ne na saya.

GENZO: Inna, saurara. Ki dawo da shi. A buga na Kuramochi yadda yake, ita kuma in gyara mata nata da hannu, in shafe wuyan da fenti in sake zanawa. Ba za ta gane ba.

TATSU: Guda ɗaya da rai, sauran a kwance a ɗakunan mutane.

GENZO: Haba, wace irin magana ce wannan!

TATSU: Irin wadda ka sassaƙa. Akwai gyara, kai ma ka sani. Na sha ganin ubanka yana yi. A fafe wurin da ya ɓaci, a cusa sabon katako, a daidaita, a sake yanka.

GENZO: Faci ba a allo ɗaya zai tsaya ba! Wuyan ya bi ta allon ja, ya bi ta na shuɗi, ya bi ta na furannin rigar. Kowanne sai an yi masa. Baje kolin zai zo ya wuce ina kai.

TATSU: Ya wuce.

GENZO: Kuma ko an gyara wuyan, tawadar tana kumatun da ba nata ba.

TATSU: A madubi ma can take ganinta. Ta saba.

GENZO: Tsefen yana hannun hagu!

TATSU: Bahaguwa aka haife ta, ni na hana ta da bulala. A bar mata wannan a hoto, ta huce.

GENZO: Inna, ba zan iya ba. Na riga na ba mutum alkawari. Gobe da safe za a buga allon nan yadda yake, ko kin so ko ba ki so ba. In ya kama in zo Kiyose in kwance shi daga bayanki, zan zo.

TATSU: Zo mana. Ka zo ka buga rami.

GENZO: In buga me? Layin...

TATSU: Rami! Ka duba akwatin ubanka, wuƙarsa mai lanƙwasa ba ta nan. Da safe kafin in hau jirgi na biya ta kabarinsa, na zuba masa ruwa, na zauna a kan dutsen gefe, na ɗora allon a cinya. Na fafe wuyan rigar tas. Ɓawon yana cikin hannun rigata.

GENZO: Inna! Kin... kin sa wuƙa a...

TATSU: Na sa.

GENZO: Wayyo! Ke da hannunki yake rawa ko shayi kika ɗauka!

TATSU: Bai yi rawa ba yau.

GENZO: Kuramochi zai kashe ni.

TATSU: Ka turo shi wurina. Ka ce tsohuwa ce ta haukace, kowa zai yarda. In ya zo in tambaye shi yadda yake so a ɗaura wa tasa 'yar ranar aurenta. Kuka kake yi a shagon mutane?

GENZO: Ba kuka nake ba. Zurfin yaya kika fafe?

TATSU: Me?

GENZO: Ramin! Ya yi zurfi? Kin bi jijiyar katakon ko kin gitta ta?

TATSU: Na bi ta, ai ba jaka ba ce ni. Zurfinsa bai kai kaurin ƙaramin yatsana ba.

GENZO: Haɓar fa? Layin haɓa yana dab da wuyan.

TATSU: Ban taɓa ba.

GENZO: Gashin da ya sauko ta bayan kunne?

TATSU: Na ce maka riga na fafe, ba jikata ba.

GENZO: Ana bukatar tsohon katakon itacen ceri, busasshe, irin na allon. Sabo zai kumbura ya tashi.

TATSU: Wanda nake ɗora tukunyar shayi a kai. Guntun allon ubanka ne, tun kafin yaƙi yake bushewa. Goge baƙin ka yanka.

GENZO: Na launi ba za su samu ba kafin jibi. Amma in na zauna a kan na baƙi yau da gobe, Ginji ya buga guda ɗaya, in cika wuyan da burushi...

TATSU: Guda ɗaya na ce maka ana jira. Sauran su bi layi.

GENZO: Wane jirgi za ki hau? In tare ki a tasha.

TATSU: Ba na son tarya. Je ka ci shinkafarka, hannu mai yunwa ba ya yanka daidai. Ka ce wa Ginji ya shanya takardarsa. Genzo.

GENZO: Na'am.

TATSU: Da na ɗora shi a cinya, rana ta faɗo a kai, na duba gashin goshin nan. Ɗaya bayan ɗaya, kamar iska za ta ɗaga su. Ubanka bai taɓa yanka irinsa ba.

GENZO: Inna, me kika ce?

TATSU: Ka ji ni sarai. Ba zan maimaita ba. Ga abin nan ya sake kuka, kuma ba ni da sauran ko sisi. Ka wasa wuƙa kafin in iso, kuma hagu a kan dama, a takarda nake nufi, kada ka sake...

GENZO: Inna? Alo? Inna!